Kuɗin Baiko Amana Ne, A Karanta Mana Lissafi

Ya ku 'yan'uwa masu bi mazauna Minna, mu da iyayenmu suka baro Zariya, Kano da Katsina suka zo neman abinci. Yau batun kuɗin ikkilisiya zan taɓo. Wanda zai ji haushi ya yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Duk mai rumfa a Kasuwar Kure ya san doka: yaron shago ba ya tashi sai ya zauna da maigida an ƙirga ciniki, domin dukiyar ba tasa ba ce, riƙo aka ba shi. Darasin misalin talanti ke nan a Matiyu sura 25. To, don me muke zuba baiko da zakka duk Lahadi, amma in ka tambayi inda suka shiga sai a ce bangaskiyarka ta raunana? Manzo Bulus da kansa, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai ɗauke ta shi kaɗai ba, har da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa aka tafi, gudun zargi. A duba 2 Korantiyawa sura 8. Wane fasto ne ya fi Bulus?

Abin takaici, wa'azin shuka iri ya shigo mana: ba da dubu, Allah ya mayar maka da miliyan. Jama'a, wannan ibada ce ko caca? Ku tuna yadda bishara ta iso ƙasar nan. A 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas ba su da wata dukiya. A 1894 Kent ya rasu a nan Bida. Daga wannan aiki ne ECWA ta fito a 1954. Ba riba suka zo nema ba.

A 2021 mutanen Shiroro da Munya sun gudo daga 'yan bindiga, suka cika makarantar firamare ta IBB a cikin garin nan. Kowace ikkilisiya ta buɗe littafinta ta gani: nawa ta kai musu, nawa kuma ta kashe a lasifika da fenti?

Roƙona ga dattawa uku ne. A karanta lissafi a gaban jama'a duk wata uku. Kada kobo ya fita daga banki sai da sa hannun mutum biyu, ban da fasto. A ware kason gwauraye, marayu da masu bishara na ƙauye kafin a sayi buhun siminti.

Mu ma 'yan kasuwa ba mu tsira ba. Wanda ya tauye mudu ranar Asabar, ya kawo zakka ranar Lahadi, wa yake ruɗi? Mai dukiya zai dawo, kuma zai nemi lissafi.

Allah ya sa mu gama lafiya, amin.