Daga Teburin Malam: Na Baya Ba Sai Labari Ba



Cikin wasiƙun da suka iso mini akwai ta wata uwa daga wajen Roni. Ta ce ƙanen mijinta ya kawo wa yaranta na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, tun daga ran nan ba ta da ɗan aike. Abin da take gani kaɗai shi ne waɗansu dabbobin zane suna tsere cikin 'yan ƙananan motoci, suna jifan juna, yara kuwa suna ta ihu. Ta ce, "Malam, in jefa abin nan a rumbu ne, ko in ƙyale su?" Na zaɓi wasiƙarta gama abin ya faru a gidana, kuma na yi kuskure kafin in gane kansa.

Da Kirsimatin bara waccan kawun yara ya zo daga Kano da tsohuwar PlayStation 2 ta hannu, da abin riƙewa guda biyu wanda yara ke kira "hannu", da 'yan faya-fayai. A gidajen gem na Kazaure ƙwallon ƙafa samari suka fi bugawa, amma faifan da ya ci gidana na tsere ne, sunansa Crash Team Racing. Yarana uku ne: babban yana da shekara 13, mai bi masa mace ce 'yar shekara 11, sai auta ɗan shekara 7. Kafin mako ya zagayo an yi kuka sau uku, jarkoki sun kwana ba ruwa, akuya ta yini ba harawa, batirin sola kuma ya ƙare tun kafin a kunna fitilar dare. Na tattara na'urar na kulle a kabad. Da daddare sai auta ya zo ya tsaya kusa da ni ya ce, "Baba, ai kai ba ka taɓa gwadawa ba." Maganar ta kama ni, domin kullum ina hana ɗalibaina yanke hukunci a kan littafin da ba su buɗe ba. Washegari na fito da ita, na zauna a tabarma, na ce a koya mini.

Bari in bayyana wa iyayen da ba su taɓa tsayawa sun duba ba. Kowane ɗan wasa yana zaɓen direbansa cikin mutane da dabbobin zane. Fuskar talabijin takan rabu biyu, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa, kowa yana ganin motarsa. Akan zagaya fili sau uku, cikin minti 2 zuwa 4 an gama. A kan hanya akwai akwatuna, in ka bangaje ɗaya sai ka sami wani abu a ciki wanda ba kai ka zaɓa ba: ko abin ƙara gudu, ko abin jifa, ko tarkon da za ka ajiye wa na bayanka. Wanda aka jefa yakan wuntsula ya tsaya na ɗan lokaci, sa'an nan ya ci gaba. Ba a mutuwa, ba a zubar da jini.

Motocin suna da asali. Kwaikwayo ne na wata ƙaramar mota marar rufi, mai ɗan inji, wadda wani mutum mai suna Art Ingels ya fara ƙerawa a Kalifoniya ta Amurka a 1956. Da irinta Lewis Hamilton na Ingila ya fara tsere yana ɗan shekara 8, kafin ya zama zakaran duniya har sau 7. Wanda ya mai da ita wasan zane a talabijin kuwa kamfanin Nintendo ne na birnin Kyoto a Japan, wanda aka kafa tun 1889 yana buga katin karta. A 1990 sun fitar da wani wasan tsere mai suna F-Zero, amma mutum ɗaya kaɗai ke iya bugawa. Sai suka so su yi wanda mutum biyu za su zauna su yi tare, a kan talabijin ɗaya. Daga wannan niyya Super Mario Kart ya fito a 1992, aka sayar da fiye da miliyan 8. A 1996 Mario Kart 64 ya buɗe wa mutum huɗu wuri. Kamfanin Naughty Dog na Amurka ya yi wa PlayStation nasa a 1999, watau wanda ya shigo gidana. Mario Kart 8 Deluxe na 2017 an sayar da fiye da miliyan 60, a 2025 kuma Mario Kart World ya fito, inda motoci 24 ke tashi a tsere ɗaya. Ku riƙe wannan cikin tarihin nan: tun farko domin zama tare aka ƙirƙiro wasan.

Hausawa sun ce na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Masu ƙera wannan wasa da gangan suka ƙi yarda da haka. Sun lura cewa in gwani kullum shi ke ci, ƙarami zai ajiye hannu ya tafi, wasa ya mutu. Saboda haka suka shirya akwatunan yadda na'urar takan duba matsayinka kafin ta ba ka abu. A Mario Kart, wanda ke kan gaba yakan sami ƙaramin abu kamar ɓawon ayaba. Na can baya shi ake ba tauraro mai sa gudu da kāriya, ko walƙiya mai ƙanƙantar da sauran motoci duka. Akwai ma wani shuɗin ƙoƙon kunkuru, wanda aka fara sawa a wasan 1996, da yakan tafi neman wanda ke na ɗaya musamman. A wasan gidana akwai makamancinsa, wani dunƙulen haske mai bin na gaba, da wani agogo mai rage wa kowa gudu ban da mai shi. Ƙwarewa tana da amfani, gama gwani yakan ci mafi yawan tsere, amma ba ya cin duka. Ƙofa a buɗe take ga auta.

Na ga wannan da idona. Bayan kwana uku ina karo da bango, sai ga ni kan gaba a zagaye na ƙarshe, ina hangen layin gamawa. Auta, wanda ke can baya, ya sako mini dunƙulen nan. Motata ta wuntsula, motoci uku suka wuce ni, har da tasa. Ya ku jama'a, ni da nake tsayawa gaban aji ina koyar da haƙuri, sai da na ji zuciyata ta tafasa. Saura kaɗan in ce, "Wannan ai zalunci ne!" Na ɗaga kai sai na ga idanu shida a kaina, suna jiran su ga yadda Baba ke shan kaye. Na haɗiye maganar, na miƙa wa auta hannu na ce, "Ka yi ƙoƙari, ka ci ni." Uwarsu tana bakin ƙofa tana dariya.

A nan na gane cewa kukan da ake yi a gidana ba na'urar ce ta kawo shi ba, tona shi ta yi. Babban ɗana bai iya faɗuwa ba, gama a makaranta kullum yana cikin na gaba. Auta bai iya ci ba tare da gori ba. Yarinyar kuwa ba a ba ta hannu sam, wai wasan maza ne, ni kuma ban lura ba. Da na bar abin a kabad, da waɗannan halaye suna nan a ɓoye har su girma da su. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga dokokin da muka zauna muka shirya tare, na sa babban ya rubuta aka manna a bango. Na ɗaya, na'ura tana zama a falo inda kowa ke gani, ba ta shiga ɗakin kwana. Na biyu, ba a kunnawa sai an ɗebo ruwa, an ba dabbobi abinci, an gama aikin makaranta na gida. Na uku, ranar Juma'a da Asabar da yamma ne kaɗai, awa ɗaya, sai lokacin hutu a ƙara kwana ɗaya. Na huɗu, wanda ya ci sau biyu a jere shi ke ba da hannu, ba wanda aka ci ba, domin mai koyo ya sami zama. Na biyar, wanda ya yi zagi ko ya jefar da hannu ya huta har mako mai zuwa. Dokar nan ta taɓa hawa kaina sau ɗaya, na kuma bi ta. Yau yarinyar nan da aka hana ita ce gwanar kwana a gidan, ba mai kama ta.

Kada a ce Malam ya wanke wasan tas. Akwai abubuwa huɗu da nake so iyaye su sani.

Na farko, cikin Crash Team Racing akwai wata fuskar katako mai gashin tsuntsu, sunanta Aku Aku, wadda ke kāre direba. A labarin wasan, kurwar wani tsohon boka ce. Zane ne na ban dariya, amma a gidan masu bi ya kamata uba ko uwa su san da ita, su yi magana da yara a fili a kan inda kāriyarmu take. In zuciyarku ba ta kwanta ba, ku zaɓi wani wasan.

Na biyu, a cikin wasa in mota ta faɗa rami sai a ɗauko ta a mayar kan hanya, ba ƙwarzane. Yaranmu kuwa suna hawa babur tun ƙafarsu ba ta gama kai ƙasa ba. A hanyar Kazaure zuwa Daura ba mai ɗauko ka ya mayar. Na faɗa wa babban ɗana wannan, ban yi dariya ba sa'ad da nake faɗa.

Na uku, lokaci. Gajartar tseren ita ce tarkonsa, gama "saura ɗaya" ba ya ƙarewa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Alamunta uku ne: mutum ya kāsa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar, har abin ya kai kamar wata 12. Yawancin yara ba su kai nan ba, kada a firgita. Amma in yaro ya fara ƙarya a kan wasa, ko canjin cefane ya fara ɓacewa, ko yana gyangyaɗi a aji, sai a tashi tsaye.

Na huɗu, akwai irin wasan a wayar hannu, kamar Mario Kart Tour na 2019, wanda ya zo da abubuwan saye da kuɗi a cikinsa. Yaro shi kaɗai a lungu da waya, ba ya jiran layi, ba ya miƙa wa kowa hannu, ba mai ganin fushinsa balle ya gyara masa. Duk amfanin da na lissafa a sama, a tabarma ɗaya ake samunsa.

Mu ma mun yi tseren mota a zamaninmu. Bayan girbi mukan feƙe sillen karan dawa, mu haɗa da totuwa, mu yi mota har da tayoyin sakaina, mu ja ta da zare daga ƙofar gida zuwa gindin tsamiya. Bambancin shi ne mu muka ƙera tamu. Don haka a hutun da ya wuce na ce kafin a kunna talabijin sai kowa ya kawo mini motar kara ta kansa. Ta babban ta fi kyau, amma tayarta ta cire a tsakiyar hanya, ta auta ce ta kai.

To, Mama ta Roni, ga amsata. Kada ki jefa a rumbu tukuna, kada kuma ki ƙyale su su kaɗai. Ki sa maigida ya zauna da su yamma ɗaya, ke ma ki karɓi hannu ki gwada, gama gani ya kori ji. Ki lura da wanda ba ya iya shan kaye, da wanda ba ya iya ci da ladabi, da wanda aka bari a baya ba a ba shi hannu. Sa'an nan ku shirya dokokinku tare da yaran. In an bi, madalla. In an ƙi, rumbu yana nan bai tafi ko'ina ba. Ki rubuto mini yadda kuka ƙare.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu. Ku huta lafiya.