Intalok A Gidan Ƙauye: A Fara Neman Wa Ruwa Hanya

Yau magana ta da 'yan'uwana mazauna kurmi ce, watau na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabo ta Badun, waɗanda Allah ya hore wa ɗan abin aikawa gida. Wani yayi ya shigo mana: mutum ya ga tubalin intalok a harabar gidajen Ikko, sai ya ce lalle a shimfiɗa irinsa a gidansu na ƙauye, daga bakin zaure har ƙofar ɗakin tsohuwa.

Ni dai ban ga laifin wannan niyya ba. Duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa tana lallaɓawa cikin taɓo da buta a hannu a watan Agusta, ya san wannan aiki jinƙai ne, domin tsoho in ya zame ya karye a ƙugu, sau da yawa ba ya sake miƙewa. Abin da nake ƙi shi ne a aika kuɗi kawai a ce a sa intalok, ba tare da an tambayi inda ruwa zai bi ba.

Dalili kuwa, yawancin gidajenmu na ƙasa ne. Ruwan da indararo ke zubarwa, wanda dā ƙasa ke shanye rabonta, yanzu gudu zai yi bisa tubali. In magini ya karkata hanyar wajen katanga, sai gindinta ya jiƙa ya zaizaye, wata rana da dare ta faɗi, ko a kan naka ko a kan na maƙwabci. Ka ga an sayi rigima da kuɗin gumi ke nan.

Saboda haka ga shawarata. A yi aikin da rani. A kankare ƙasar sama, a zuba marmara ko tsakuwa kamar santimita 10, a daddaɓe sosai, sa'an nan a bi da yashi santimita 3. Tubali mai kaurin santimita 6 ya isa hanyar ƙafa. A ba hanyar gangara, kamar santimita 2 a kowace mita, ta kauce wa bango ta nufi rariya. A ɗaure gefunan biyu da siminti don kada tubalin ya baje, a share yashi cikin tsagoginsa. Bugu da ƙari, kada a rufe tsakar gida duka, kada kuma a sare dalbejiya don a sami miƙaƙƙen layi.

Wanda kuwa aljihunsa bai kai ba, kada ya ci bashi don gasa. Iyayenmu mata sun daɗe suna yin daɓe da tsakuwa da madaɓi da ruwan makuba, ga shi kuwa yana shekaru in ana kula da shi.

Daga ƙarshe, in ba za ka iya zuwa ba, wakilta mai amana ya tsaya a kan aikin, a sheƙa bokitin ruwa a ga inda ya nufa kafin a sallami magini. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya bar mu da iyayenmu lafiya, amin.