Labulen jarabawar busa yana ɓoye fuska, amma ba ya ɓoye shekarun da aka bari suka wuce

A ƙarshen watan Agusta, lokacin da jami'o'in Amurka ke buɗe sabuwar shekarar karatu, akwai wata jarabawa da ba a yin ta da biro da takarda. Ɗalibi zai shiga ɗaki riƙe da abin busarsa, ya yi busa ta ƴan mintuna, ya fita. Bayan kwana biyu ko uku a liƙa sakamako: wane ya samu shiga babbar ƙungiyar mabusa ta jami'a, wane kuma aka tura shi ƙarama. Ƴaƴan ƴan Nijar mazauna Amurka suna kaiwa shekarun wannan jarabawa, kuma ya dace iyayensu su san cewa tun yaro yana ɗan shekara 10 ake cin ta ko a faɗi.

Ƙungiyar da ake magana a kanta ba ita ce ta ƴan badujala masu fareti a filin ƙwallo ba. Wannan a zaune take kiɗa cikin zaure, da mutum 40 zuwa 50, kuma babu goge a cikinta, sai kayan busa da ganguna: sarewar Turawa, obuwa, kilarinet, sakzofon, tiramfet, torombon da tuba. Wani malamin kiɗa mai suna Frederick Fennell ne ya fito da tsarinta a shekarar 1952, a makarantar kiɗa ta Eastman da ke jihar Niyok. Dabararsa ita ce kowane kashi na kiɗan mutum ɗaya ne zai riƙe shi. Ke nan babu wanda zai fake a bayan wani. Idan mai obuwa ya kuskure, duk zauren zai ji. Shi ya sa ake tsananta zaɓe.

Abin da ake nema a jarabawar sananne ne. Tun lokacin hutu ake fitar da guntayen kiɗan da kowa zai shirya. Ranar jarabawa ɗalibi zai busa su, ya busa matakalar sautuka daga ƙasa zuwa sama, sannan a ɗora masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta ya busa nan take. A jami'o'i da dama alƙalai suna zaune ne a bayan labule. Ba su ganin mai busa, ba su san sunansa ba, lamba kawai aka ba shi.

Labulen yana da tarihi. Babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Boston ta gwada shi tun 1952, sauran manyan ƙungiyoyin Amurka kuma suka rungume shi a shekarun 1970 da 1980. Har darduma ake shimfiɗawa a wasu wurare, don kada ƙarar takalmi ta tona cewa mace ce ta shigo. A 1970 mata ba su kai kashi 10 cikin 100 na makaɗan manyan ƙungiyoyin ƙasar ba. A shekarar 2000, masana tattalin arziki biyu, Claudia Goldin da Cecilia Rouse, sun wallafa binciken da ya danganta wani ɓangare na ƙaruwar mata da wannan labule. Wasu masanan sun yi jayayya kan girman tasirin, amma tsarin ya zauna.

Duk matashin da ya taɓa zaman jiran sakamakon kwankur a Yamai ko Damagaram, yana jin ana raɗe-raɗin cewa an riga an raba guraben, zai gane daɗin irin wannan tsari. Babu ɗan wane, babu wanda ya kawo takarda daga wani babba. Abin da ya fito daga bakin tiramfet shi ne shaida. Wannan adalci ne na gaske, kuma ya cancanci a kare shi.

Sai dai labule yana da iyaka. A makarantun gwamnati da yawa na Amurka, yara suna fara koyon busa ne a aji biyar ko shida, wato suna da shekara 10 ko 11. Wanda ya fara a lokacin, zai iso jami'a da shekara bakwai ko takwas na horo a leɓensa da yatsunsa. Wanda aka hana shi farawa, zai iso hannu rabbana. Alƙalin da ke bayan labule bai san launin fatar ɗalibi ba, amma cikin daƙiƙa 30 zai ji ko an taɓa koya masa riƙe numfashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan giɓi ne ya sa a 2020 Anthony Tommasini, mai sharhin kiɗa na jaridar New York Times, ya yi kira da a yaye labulen, domin a cewarsa bai ƙara yawan baƙaƙen fata a manyan ƙungiyoyi ba. Damuwarsa tana da tushe, amma maganin da ya kawo bai dace ba. Idan aka yaye labule, an mayar da hukunci hannun ido da son rai, kuma baƙo mai suna Abdul'aziz ko Hadiza ba shi ne zai ci ribar hakan ba. Gyaran yana can baya, a ajin da yaro ke fara riƙe kilarinet.

A nan maganar ta dawo kan iyaye. A birnin Girinsboro na jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, akwai jami'ar A&T, wadda ta fi kowace jami'ar baƙaƙen fata ta Amurka yawan ɗalibai, kuma ƙungiyar mabusanta ta yi suna. Yaron da ya tashi a irin wannan gari zai kawo takardar neman izinin shiga ajin busa. A gidan Bahaushe amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce: a zuri'armu babu maroƙi. Dalilin a bayyane yake. A ƙasar Hausa busa gado ce. Mai algaita da mai kakaki na fadar Damagaram ko ta Katsinar Maraɗi daga gidajen sana'ar suke fitowa, ana jin daɗinsu ranar hawan salla, amma ba kowa ke son ɗansa ya bi sahunsu ba.

Ɗalibin ƙungiyar jami'a kuwa ba ya yabon kowa, ba ya jiran liƙi. Darasi ne da ake ba shi maki a kansa, kuma ba lallai sai mai karatun kiɗa ba: masu karatun injiniya da likitanci ma suna shiga jarabawar. Jami'o'i da dama suna rage wa mabusa kuɗin makaranta, a ƙasar da karatun jami'a ke jefa iyalai cikin bashi na shekaru. Ko tsadar kayan ba ta zama hujja ba, domin makarantu sukan ba da aron manyan kaya irin su tuba, ƙananan kuma ana hayarsu wata-wata.

Ba duk tsoron iyaye ne maras tushe ba. Wanda ya ƙi saboda fahimtarsa ta addini, wannan matsayinsa ne, kuma yana da haƙƙinsa. Wanda yake tsoron lokaci ma yana da gaskiya, don ana haɗuwa atisaye sau biyu ko uku a mako, ban da wanda ɗalibi zai yi shi kaɗai. Akwai kuma abin da ya faru a 2011 a jami'ar A&M ta Fulorida, inda wani ɗalibi na ƙungiyar fareti ya rasu sakamakon dukan da abokansa suka yi masa da sunan al'adar ƙungiya. Waɗannan dalilai ne na sa ido da yin tambaya. Amma uban da yake sauraren Shata ko Ɗan Gurmu a motarsa, sannan ya hana ɗiyarsa sarewa don kada a ce a gida, ba addini ba ne ya hana shi, kunyar mutane ce.

Shi kuwa ɗalibin da ya taso daga Nijar bayan ya ci bak, bai taɓa karanta rubutun kiɗa ba, gaskiya ita ce babbar ƙungiya ta yi masa nisa a shekarar farko. Amma jami'o'i da yawa suna da ƙungiya ta biyu ko ta uku, wata ma ba a yin jarabawar shigarta, kuma duk shekara ana sake buɗe ƙofa. Bai kamata ya ɗauki kayan nan baƙi ƙwarai ba. Obuwa ƴar uwar algaita ce, dukansu da bakin kara mai harshe biyu ake busa su. Dabarar mai algaita ta shaƙar iska ta hanci yana ci gaba da busa ba tare da yankewa ba, ita ce mabusan Turai ke shafe watanni suna koyo.

Takardar izinin ajin busa takan iso gida ne a jakar yaro, a haɗe da sauran takardun makaranta. Uban da zai sa hannu ko ya ƙi, ya kamata ya san cewa sakamakon jarabawar da za a yi bayan shekara takwas yake yankewa tun a ranar.