Fari na Allah ne, yunwa fa?

Ɗan'uwana manomi, ina da magana da kai, kuma ba mai daɗi ba ce.

In damana ta lalace, kowa sai ya ce: "Haka Allah ya so." Gaskiya ne, babu mai sa hadari ya zubo ruwa sai Shi. Amma ka duba bakin da maganar ta fito. In talaka ya faɗe ta, haƙuri ne. In mai mulki ya faɗe ta, sau da yawa bargo ne yake lulluɓa da shi.

Tambayi tsofaffin garinku labarin 1973. Ruwa ya ɗauke, bisashe suka mutu. Ƙasashen waje sun aiko da hatsi, amma ba duka ya kai ga masu jin yunwa ba. To, wa ya karkatar da buhunan? Hadari ne? Ranar 15 ga Afirilu 1974 soja suka kifar da mulkin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau. Zancen hatsin nan na cikin dalilan da suka bayar. A 2005 kuma, bayan fari da fara, shugaba Tanja Mamadu ya ce babu yunwa a Nijar, alhali uwaye na goye da yara ramammu zuwa likita.

Kada ka yi murna, kai ma ban ƙyale ka ba. Wanda ya ba ka imani shi ya ba ka hankali. Annabi Yusufu bai rungume hannu ba, shekara bakwai ya yi yana tara hatsi. Ko ka fi shi tawakkali ne?

Dubi Illela. A 1989 wasu manoma daga can suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gina ƙananan ramu a fako, a zuba taki, ruwa ya kwanta ciki. Suka dawo suka gwada. Ita ce tassa. Fakon da kowa ya ce ya mutu sai ga shi ya ba da hatsi. Sama ba ta ƙara musu ko ɗigo ɗaya ba.

Yanzu ka iya karatu. Littafin bankin hatsi na garinku, wa ke riƙe da shi? Je ka ce a buɗe maka, ka ƙirga buhunan da kanka, ko da maigari zai ɓata rai.