Litar nawa ɗaki yake sha lokacin hunturu?

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, idan iskar arewa maso gabas ta sauko wa Birnin Ƙwanni, Malbaza da Illela, kowa yana ganin aikinta a jikinsa: leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, yara su tashi da haɓo. Ɗan kasuwa kuwa cikin jarinsa yake gani, don goro yana yanƙwanewa, fata tana taurarewa. Dabarar da aka saba ita ce a aje daron ruwa a kusurwar ɗaki. Shin daro ɗaya ya isa? Lissafi ne zai raba gardama.

A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4, bisa mita 3: mita kubik 48 ke nan na iska. In zafi yana digiri 25, kowane mita kubik ba ya ɗaukar tururin ruwa fiye da giram 23. Da ranar hunturu laima takan faɗi zuwa kashi 15 cikin 100 na wannan adadi, wato giram 3 da rabi, alhali jiki ya fi sakewa a kashi 40, wato giram 9 da ɗoriya. Giɓin ya kusa giram 6. In an ninka shi sau 48, a sami wajen giram 280, rubu'in litar da ƴan kai. Ko moɗa ba zai cika ba.

To, amma ɗaki ba tulu ba ne mai marfi. Iska tana shiga ta ƙarƙashin ƙofa da bakin kwano, ta kwashe laimar ta yi gaba. In iskar ɗakin tana sabuntawa sau ɗaya kowace awa, ana bukatar kusan litar 7 a kwana guda. In sau biyu ne, litar 13 da wani abu, fiye da rabin bido mai litar 25. Biro ko kanti da ƙofarsa ke wuni a buɗe, jiƙa shi ɗiban ruwa ne da kwando.

Daro mai faɗin baki santimita 40, ko da ruwansa ya ragu da milimita 5 a kwana, abin da ya ba iska bai kai sulusi biyu na litar ba. Sai an jera goma. Ba yawan ruwa ne ke aiki ba, faɗin inda ya taɓa iska ne. Shi ya sa jiƙaƙƙen zane ya fi daro: yana riƙe wajen sulusin litar, ya sake shi cikin awa ɗaya ko biyu.

Mai hikima sai ya taƙaita ga ɗakin kwana. Awa 8 na dare suna cin litar 2 da ƴan kai. Mutum huɗu masu barci suna ba da fiye da litar 1 ta numfashi da fatar jiki. Saura litar guda: zane uku a kan igiya sun biya.

Sai dai akwai iyaka. Toshe ɗaki ruf da garwashi a ciki kisa ne, kuma cunkoso cikin rufaffen ɗaki yana taimakon sanƙarau, cutar da ke tasowa lokacin ƙura, wadda ta kashe mutum wajen 25.000 a Afirka a 1996. Jiƙaƙƙen zane yana sanyaya hanci, amma ba ya maye gurbin allurar rigakafi. Ruwan da ya yi kwanaki cikin daro kuma gidan sauro ne. Mai ajiyar albasar Galmi ko sumuntin Malbaza, shi kam bushewar nan riba ce gare shi, kada ya kai ruwa kusa da sito.

Inda ruwa sai an saya ko an ja daga rijiya mai zurfi, gara a lissafa kafin a zuba.