LEƘEN ƘETARE: Wane ne sarkin shirme a cikin jaruman komik?

Da an ce jaruman komik, wato littattafan nan na Amurka masu ba da labari cikin zane, hankalin ɗan kallo kan tafi ne wajen su Superman da Batman da Spider-Man, masu ƙirar ƙarfi da tsare gida. To amma kamfanonin da suka haifi waɗannan zaratan, wato DC da Marvel, suna da wasu 'ya'yan da suke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki in an yi baƙi. Akwai jarumin da aikinsa kawai ci, akwai mai cire hannunsa ya yi duka da shi, akwai yarinya mai rundunar kuregu. Shekara da shekaru masu karanta komik suna gardama a kan wane ne ya fi kowa shirme a cikinsu, kuma gardamar ta ƙara zafi tun da masu shirya fim suka fara kwaso waɗannan sakarkarun suna zuba masu miliyoyin daloli.

Kafin a shiga sunaye, ya kamata mai karatu ya san inda shirmen ya samo asali. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya fitar da littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara. A shekarar ne kuma wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraron bahasi a kan maganar. Tsoro ya kama masu kamfanoni, suka kafa wa kansu hukumar tace littattafai mai suna Comics Code Authority. Dokokinta suka hana zubar da jini a fili, suka hana labarin masu shan jini da matattu masu yawo, suka ce kada a raina ɗan sanda ko alƙali, kuma dole kowane labari ya ƙare da nasarar mai gaskiya. To marubuci ga shi dole ya cika shafuka duk wata, ga shi an ɗaure masa hannu. Sai aka koma ga abin al'ajabi da abin dariya.

A wannan zamanin ne Superman ya samu kare mai tashi sama, Krypto, a 1955. Daga baya aka ƙaro biri, aka ƙaro kyanwa, aka ƙaro doki, duk masu ƙarfin tsiya, har aka haɗa masu ƙungiyarsu ta dabbobi zalla. Shi ma Batman bai tsira ba. A wani labari na 1957 ya riƙa canza kalar kayansa kullum dare, yau ja gobe ruwan ɗorawa, daga ƙarshe ya fito da mai kalar bakan gizo. Dalilinsa wai don idon mutane ya tsaya a kansa, kada a lura Robin ya ji ciwo a hannu a gane ko shi wane ne. Kai jama'a!

Masu neman kambun

Na farko da kowa ke ambata shi ne Matter-Eater Lad, wanda ya fito a 1962 daga alƙalamin Jerry Siegel, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiri Superman. Yaron ɗan wata duniya ce da ake kira Bismoll, inda wasu ƙwayoyin cuta suka mai da abinci guba, mutanen wurin suka koyi cin duk abin da suka samu. Ƙarfe, dutse, waya, bindiga, duk lomarsa ce. Yana cikin ƙungiyar Legion of Super-Heroes, wadda labarinta ke faruwa a ƙarni na 30. Masu kushe shi na cewa ina amfanin jarumin da in bos ya zaro makami sai dai ya ce a miƙo masa ya tauna? Masu kare shi kuwa suna da hujja mai ƙarfi: babu kurkukun da zai riƙe mutumin da ke iya cinye ƙofa. Bugu da ƙari, a ƙarshen shekarun 1970 shi ne ya ceci duniya lokacin da ya haɗiye wata muguwar na'ura mai suna Miracle Machine wadda ta gagari kowa lalatawa. Abin tausayi, cin na'urar ya taɓa masa hankali na tsawon lokaci.

A ƙungiyar dai akwai Bouncing Boy na 1961, ɗan aike ne da aka ba shi wani ruwan sinadari ya kai wani wuri, ya ɗauka lemon kwalba ne ya kwankwaɗe. Tun daga ranar yake kumbura kamar ƙwallo yana ta dundum a kan abokan gaba.

Amma duk wanda aka ce ya kawo ɗan takara, da wuya ya tsallake Arm-Fall-Off-Boy, wanda ya bayyana a 1989. Baiwarsa ita ce ya fizge hannunsa ɗaya daga kafaɗa ya riƙe da ɗayan, ya mai da shi kulki. Ya je gwajin shiga Legion, suka dube shi suka ce ya ƙara gaba. A fim ɗin The Suicide Squad na 2021 darakta James Gunn ya kawo mai kama da shi, T.D.K., wanda Nathan Fillion ya fito a matsayinsa. A tsakiyar yaƙi ya saki hannuwansa biyu suka tafi cikin iska suna ɗan mammarin sojoji, su kuwa sojojin suka buɗe wa hannuwan wuta, gogan naka yana can gefe yana birgima yana ihu.

Sai wanda ya fi su duka ƙazanta, Dogwelder, daga jerin littattafan Hitman na Garth Ennis da John McCrea a 1997. Mai walda ne, ba ya magana, fuskarsa kullum a rufe da garkuwar walda. Hukuncin da yake yi wa ɓarayi shi ne ya liƙa masu mataccen kare a fuska da wutar walda. Shugaban ƙungiyarsu ma, Sixpack, mashayi ne da ba ya rabuwa da kwalba.

Ɓangaren bosawa ma ba a bar su a baya ba. Kite Man na 1960 fashi yake yi da irin abin wasan nan na takarda da zare da yara ke sakewa sama. Polka-Dot Man na 1962 riga yake sawa mai ɗigo-ɗigo, in ya ɓanɓaro ɗigo ɗaya sai ya zama makami ko abin hawa. Shi kuwa Condiment King, wanda ya fara fitowa a katun ɗin Batman a 1994, bindigoginsa miyar tumatir ta kwalba suke fesawa. Wai da wannan zai tunkari Batman.

Inda gardamar ta rabu biyu

A nan ne masu hankali cikin masu gardamar ke cewa a dakata, domin ana haɗa kaza da zabo a keji ɗaya. Akwai waɗanda tun farko don raha aka yi su. Wanda ya zana Arm-Fall-Off-Boy ya san abin da yake yi, tsokanar tsofaffin labaran Legion yake. Haka Dogwelder, haka Condiment King, haka Spider-Ham na 1983, gizo-gizon da alade ya ciza ya rikiɗe ya zama alade. Waɗannan in ka yi masu dariya sun ci riba, don abin da suka fito nema ke nan. Akwai kuma waɗanda aka yi su da zuciya ɗaya a matsayin abin tsoro ko abin burgewa, sai zamani ya juya suka zama abin ba'a. Kite Man da Polka-Dot Man suna cikin wannan layin. A ra'ayin wannan ɓangaren, kambun shirme na wanda bai san yana shirme ba ne.

Hujjarsu babba ita ce fim ɗin Batman & Robin na 1997, wanda George Clooney ya fito a Batman, Arnold Schwarzenegger kuma, wato Kwamando, ya fito a bos mai daskarar da mutane. An kashe maƙudan kuɗi, an tara manyan 'yan wasa, sai ga Batman yana zaro katin banki mai tambarin jemage daga aljihu. 'Yan kallo suka yi tir, kamfanin ya ajiye Batman a gefe, bai sake dawowa sinima ba sai 2005 da Batman Begins. Shekara takwas cur shirme ɗaya ya jawo.

Ɗaya ɓangaren kuma sai su ce ai ko barkwancin ganganci ma yana iya kifewa, su kawo misalin Howard the Duck. Agwagwa ce mai magana da shan sigari, Steve Gerber da Val Mayerik suka ƙirƙire ta a 1973. A littafi habaici take yi wa rayuwar Amurka, har ta tsaya takarar shugaban ƙasa a labarin 1976. Da aka mai da ita fim a 1986, da hannun George Lucas na Star Wars a ciki, sai aka zubar da habaicin aka bar mutum cikin rigar agwagwa yana guje-guje. Kuɗin da fim ɗin ya samu da ƙyar ya kamo abin da aka kashe, kuma ya karɓi kyautar Razzie ta fim mafi muni a shekarar.

Ɗan hakin da ka raina

Abin da ya ƙara rikita lissafi shi ne yadda wasu daga cikin waɗanda ake yi wa dariya suka juyo suka ba kowa kunya. Babbar misali ita ce Squirrel Girl, wadda Will Murray da Steve Ditko suka kawo a 1991. Yarinya ce 'yar shekara 14 mai jelar kurege da haƙoran gaba, tana jin yaren kuregu. Ta je wajen Iron Man tana roƙon ya ɗauke ta mataimakiya, sai Doctor Doom, ɗaya daga cikin manyan bosawan Marvel, ya kama su duka biyu. Yarinyar nan ta yi kira, kuregu suka cika jirginsa suka rufe shi da cizo, babban mutum ya ari ta kare. A 2005 marubuci Dan Slott ya sa ta ta kayar da Thanos, shi dai Thanos ɗin da ya share rabin halittu a Avengers: Infinity War na 2018. Daga 2015 zuwa 2019 ta samu littafinta na kanta daga Ryan North da Erica Henderson, inda take karatun kwamfuta a jami'a, kuma ta fi son sulhu a kan dambe. Da Galactus mai cinye duniyoyi ya iso, hira ta zauna ta yi da shi, ta nemo masa wata duniyar da babu mutane ya je ya ƙoshi. Littafin ya ci kyautar Eisner a 2017. To wannan shirme ce ko wayo? Duk wanda ya san kurege a tatsuniya ya san amsar.

Aquaman ma ya sha ba'a. Tun 1941 yake, amma katun ɗin Super Friends na shekarun 1970 ya sa aka riƙa kallonsa a matsayin mai hira da kifi, wanda ba shi da aiki in faɗa ya tashi a tudu. Sai ga fim ɗinsa na 2018, wanda James Wan ya ba da umarni Jason Momoa ya ja, ya tara sama da dala biliyan ɗaya, ya wuce The Dark Knight Rises na Batman. Haka Guardians of the Galaxy na 2014: ana ta cewa wa zai sayi tikiti don ya kalli Groot, itace mai tafiya wanda kalmominsa ba su wuce uku ba, da Rocket, 'yar dabba mai jela riƙe da bindiga? Fim ɗin ya kawo sama da dala miliyan 770.

Har waɗanda aka yi wa kallon ba su gyaruwa an gyara su. A 2017 marubuci Tom King ya ba Kite Man tarihi: ɗansa ƙarami mai son wasan nan na zare, Riddler ya shafa wa zaren guba yaron ya mutu, uban ya ɗauki abin wasan ɗansa ya mai da shi sunansa. Allah sarki. A The Suicide Squad, David Dastmalchian ya fito da Polka-Dot Man a matsayin mutumin da mahaifiyarsa ta yi gwajin kimiyya a jikinsa, har ya zamana duk wanda ya kalla fuskarta yake gani. Mutane sun shiga kallo da niyyar dariya, da aka kashe shi jikinsu ya yi sanyi. Shi kuwa The Spot, tsohon bos ɗin Spider-Man mai baƙaƙen ramuka a jiki, a Across the Spider-Verse na 2023 raina shin da aka yi ne ya tunzura shi har ya zama barazana ga duniyoyi da yawa. Krypto ma, karen nan na 1955, ya dawo a fim ɗin Superman na 2025 yana ta ɓarna.

Masu bin finafinan Hausa ba baƙi ba ne a wannan darasin. An daɗe ana yi wa camama kallon ƙasa-ƙasa, amma har yau, shekaru bayan rasuwar Rabilu Musa Ibro a Disamba 2014, ana tuna fitowarsa fiye da jarumai da dama masu kwat da baƙin gilashi. Ba kowa ne zai iya sa mutane dariya da gangan ba.

To wa ya ci?

In aka bi ma'aunin da ke sama, Squirrel Girl ta fita daga takara, don wadda ta kayar da Doom da Thanos ta wuce raini. Matter-Eater Lad ya fita, tunda cikinsa ya taɓa ceton duniya. Kite Man da Polka-Dot Man sun samu marubutan da suka wanke su. Dogwelder nasa ya wuce shirme, ya shiga hauka. Saura mutum ɗaya wanda baiwarsa ke rage masa ƙarfi a duk lokacin da ya yi amfani da ita: mai hannu biyu ya cire ɗaya don ya yi faɗa da ɗaya, alhali ga sanda nan yashe a ƙasa. Ko da gangan aka yi shi, ko ba da gangan ba, babu lissafin da zai fitar da shi. Wannan filin ya miƙa kambun ga Arm-Fall-Off-Boy, sai dai a taya shi riƙewa.

Mai karatun da bai yarda ba, ƙofa a buɗe take. Ya aiko da nasa gwanin tare da hujja, za a buga a fitowa ta gaba in Allah ya kai rai.