Kiɗan na Jos Ne, Sunan Ya Tafi Ikko

A cikin shekarar 1976 wata ƙungiyar makaɗan zamani ta garin Jos, mai suna Sahara All Stars, ta buga faifai a kamfanin EMI. Akwai ganguna da jita a cikin kiɗan, amma ƙahonin ƙarfe su ne ke jan ragama. Sai su tashi gaba ɗaya, sa'an nan mai busa guda ya ware ya yi ta zuba abin da ya zo masa a rai, kamar yadda makaɗan jaz na baƙar fatar Amurka suke yi, har sauran su tarbe shi.

Shekara 25 bayan haka faifan ya sami sabon rai a ƙasar waje. A 2001 kamfanin Strut na Ingila ya tattara kiɗe-kiɗen Nijeriya na wancan zamani a faifan da ya kira Nigeria 70, ya sa waƙar mutanen Jos a ciki. A 2008 kuma kamfanin Soundway ya fito da Nigeria Disco Funk Special, kuma da kiɗansu aka buɗe shi. Masu sharhi a jaridun Turai da Amurka sun yaba wa waɗannan faya-fayai ƙwarai da gaske.

To, amma duk wanda ya duba bangon faya-fayan nan biyu zai ga an rubuta cewa kiɗan Ikko ne, alhali kuwa sunan Jos yana manne da sunan ƙungiyar. Haka aka yi wa marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ya kuma yi yawancin aikin kiɗansa a Arewa: waƙarsa Ikon Allah tana cikin faifan 2001, ita ma ƙarƙashin sunan Ikko. Wato dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ne manyan kamfanonin buga faifai a Ikko suke a lokacin, don haka makaɗin da yake son a ji shi a ƙasa duka, tilas ya nufi can. Kuma baƙin da suka tono faya-fayan sun cancanci godiya, domin ba don su ba da 'yan baya kaɗan ne za su ji wannan busa. Babban laifin na gida ne. Mai kaya ya yi sakaci da kayansa, wani ya tsinta ya raɗa masa suna.

Akwai masu cewa ai wannan kiɗan otal ne, ba na gargajiya ba, ga shi kuma ba da Hausa aka rera waƙoƙin da suka yi fice ba, saboda haka Arewa ba ta yi asarar kome ba. Masu wannan magana sun manta da asalin Jos. Haƙar kuza ce ta tara Hausawa da Yarabawa da Ibo da mutanen ƙasashen maƙwabta a ƙasar Birom da Anaguta da Afizere, jirgin ƙasa kuwa ya iso daga Zariya tun 1914. Garin da ya tashi haka, dole kiɗansa ya zama haɗin gambiza. Busa kuma ba baƙuwa ba ce a ƙasar da kakaki da algaita suka daɗe a ƙofar sarakuna. Marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya sami girmamawar da ta dace da shi da kuntiginsa. Masu ƙaho ma 'yan garin ne, a zamani ɗaya suka yi aiki.

Abin gyaran yana kusa. A Jos ɗin nan akwai gidan tarihi tun 1952, akwai jami'a tun 1975, akwai ma'ajiyar finafinai da sauti ta ƙasa, ga kuma gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato. Ya kamata waɗannan su haɗa kai su nemi faya-fayan makaɗan zamani na Jos su adana, a riƙa sa su a rediyo tare da bayanin masu su. A nemi waɗanda suka yi busa ko suka yi rawa a wancan lokaci a ɗauki labarinsu daga bakinsu, domin yaron da yake da shekara 20 a 1976 yanzu dattijo ne. A kuma bincika ko haƙƙin sake buga kiɗan yana isa ga makaɗan ko magadansu.

Idan aka bari waɗannan dattawa suka ƙare, to, abin da aka rubuta a bangon faifai shi zai zama tarihi, kuma Ikko aka rubuta. Allah Ya sa hukumomin da abin ya shafa su ji.